Daren wasa: Yadda kulob-kulob ɗin wasannin tebur ke tara jama'a duk mako

A garuruwa da dama na Turai da Amurka ta Arewa, akwai wani dare guda a kowane mako da ma'aikata da ɗalibai da 'yan fansho kan ajiye wayoyinsu, su kewaye tebur, su shafe sa'o'i uku ko huɗu suna wasa da katuna da taswirori da 'yan ƙananan mutum-mutumi.

Akasarinsu manya ne, kuma da yawa daga cikinsu ba su san juna ba kafin su haɗu a wurin.

Waɗannan su ne kulob-kulob ɗin wasannin tebur, wato dangin dara da ludo da draf, amma na zamani. Daga irin wannan zama na mako-mako ne wasan Dungeons & Dragons ya samo asali a shekarar 1974, kuma har yanzu a kan irin wannan zaman ne wata babbar sana'a ta dogara, duk da mamayar da wasannin kwamfuta da na wayar salula suka yi wa duniya.

Yadda daren ke gudana

A Birtaniya, yawancin kulob-kulob ɗin ba su da gini nasu na kansu. Sukan yi hayar zauren taron unguwa, ko ɗakin taro na coci, ko wani ɓangare na ɗakin karatu, ko kuma ɗakin baya na gidan giya a daren da babu ciniki sosai. A Amurka da Kanada kuwa, an fi yin zaman a shagunan da ke sayar da wasannin, inda ake jera tebura a bayan kanta.

Kuɗin shiga, idan ma akwai, bai wuce abin biyan hayar ɗaki ba.

Mambobi kan zo da akwatunan wasanninsu daga gida, a jibge su a kan wani tebur. Wanda ya kawo wasa shi ke da alhakin koya wa sauran ƙa'idojinsa, abin da kan ɗauki minti goma ko ashirin kafin a fara. Baƙon da ya zo shi kaɗai ba ya rasa wurin zama, domin wasa mai bukatar mutum huɗu ba ya yiwuwa da mutum uku, saboda haka kowane sabon zuwa abin nema ne.

Ɗakin kan rabu gida biyu ko uku. Akwai masu wasannin da ake farawa a gama a dare ɗaya, waɗanda kan sauya tebur da abokan wasa yadda suka ga dama. Akwai masu wasannin yaƙi, da ke jera rundunonin 'yan mutum-mutumin da suka shafe makonni suna yi wa fenti, suna auna tazarar da ke tsakaninsu da tef irin na tela.

Sai kuma wani tebur a can gefe, wanda mutanen da ke kansa ba sa sauyawa daga mako zuwa mako, kuma wanda sau da yawa babu wani allon wasa a kansa, sai takardu da fensira da surutu. Wannan shi ne teburin masu wasan shiga labari, kuma shi ne ya fi wuyar fahimta ga wanda bai taɓa gani ba.

Wasan da babu mai cinyewa

Turawa na kiransa da sunan da ke nufin wasan ɗaukar matsayin wani, sai dai ya sha bamban da wasan kwaikwayo. Babu dandamali, babu 'yan kallo, kuma babu rubutaccen zance da za a haddace.

Ya fi kama da tatsuniya, amma wadda masu sauraro ke da ikon juya akalarta.

Mutum ɗaya ne jagoran wasa. Shi ke tsara duniyar da labarin zai gudana a cikinta, da garuruwanta da sarakunanta da dodanninta, kuma shi ne bakin duk wanda za a gamu da shi a hanya. Sauran 'yan wasan, galibi huɗu zuwa shida, kowannensu na da jarumi ɗaya da ya ƙirƙira, wanda ya raɗa wa suna ya kuma ba shi tarihi.

A Dungeons & Dragons, ana rubuta wa kowane jarumi maki a kan siffofi shida: ƙarfi, da zafin nama, da juriya, da basira, da hikima, da kwarjini.

Jagora kan bayyana halin da ake ciki. Misali ya ce ayarin ya iso bakin kogi da almuru, gada ta karye, ga kuma wani mai kwalekwale da ya ƙi tsallakar da kowa. Daga nan sai ya tambayi 'yan wasan abin da za su yi. Wani zai ce zai lallashi mai kwalekwalen, wani ya ce zai yi iyo, wani kuma ya ce a jira gari ya waye.

Idan abin da mutum ya zaɓa yana iya yiwuwa yana kuma iya faskara, sai a jefa ɗan ludo. Sai dai nasu ba mai fuska shida kaɗai ba ne. Akwai mai fuska 4, da 8, da 10, da 12, sannan da mai fuska 20, wanda shi ne aka fi amfani da shi. Ana haɗa lambar da ta fito da makin jarumin, idan jimillar ta kai adadin da jagora ya ƙayyade, an yi nasara. Idan ba ta kai ba, sai labarin ya bi wata hanya, wadda ko jagoran kansa bai shirya mata ba.

Babu wanda ke cinye wasan, domin 'yan wasan duk ɓangare ɗaya suke, jagora kuma alƙali ne.

Haka nan labarin ba ya ƙarewa a dare ɗaya. Inda aka tsaya yau, nan za a ɗora a mako mai zuwa, kuma yakan ɗauki watanni ko shekaru. Wannan ne ya sa wasan ya dogara ƙwarai a kan tsayayyar rana. Idan mutum ɗaya ya yi fashi, jaruminsa ya bar giɓi a cikin ayari, kuma masu wasan da kansu kan yi ba'a cewa babban dodon da ke kashe labari shi ne rashin samun ranar da ta dace da kowa.

Daga barikin soja zuwa ɗakin ƙarƙashin ƙasa

Wasan tebur dai tsohon abu ne. A gidan tarihi na British Museum da ke Landan akwai allon wasa da aka tono a birnin Ur na ƙasar Iraki, wanda ya kai kimanin shekaru 4,500. Ludo ma an yi masa rajista a Ingila ne a 1896, bayan an kwaikwayo shi daga wasan pachisi na Indiya.

Amma salsalar wasan shiga labari daga soja take. A 1824 wani hafsan sojan Prussia, daular da daga baya ta jagoranci haɗewar Jamus, mai suna Georg von Reisswitz, ya gabatar wa shugabanninsa wani wasan horar da hafsoshi da ake kira Kriegsspiel. Ana yinsa ne a kan taswira, ɓangarori biyu na ba da umarni, alƙali kuma yana yanke abin da zai biyo baya. Bayan da Prussia ta ci Faransa da yaƙi a 1871, rundunonin ƙasashe da dama suka rungumi wannan dabara.

Marubucin nan na Ingila, H.G. Wells, ya fitar da ita daga bariki zuwa falo a 1913, lokacin da ya wallafa Little Wars, littafin ƙa'idojin yaƙi da sojojin wasan yara.

Ya zuwa shekarun 1960, an samu ƙananan ƙungiyoyi na masu sha'awar irin waɗannan wasanni a sassan Amurka. Ɗaya daga cikinsu na haɗuwa ne a ɗakin ƙarƙashin ƙasa na gidan wani ma'aikacin inshora mai suna Gary Gygax, a ƙaramin garin Lake Geneva da ke jihar Wisconsin, inda suka kafa wani babban tebur cike da yashi don tsara filin daga.

A 1968 Gygax ya yi hayar wani zaure a garin ya kira taron masu wasa. Kimanin mutane 100 ne suka halarta. Taron, mai suna Gen Con, yana nan har yanzu, sai dai ya koma birnin Indianapolis tun 2003, kuma a 2023 mahalartansa sun haura 70,000.

A zama na biyu na taron, a 1969, Gygax ya haɗu da wani matashi mai suna Dave Arneson, ɗan wata ƙungiyar da ke yankin Minneapolis da St Paul a jihar Minnesota. A can ne wani abokin wasansu, David Wesely, ya gwada wani sabon abu: maimakon kowa ya jagoranci runduna, sai ya bai wa kowane ɗan wasa matsayin mutum ɗaya a wani ƙagaggen gari mai suna Braunstein, wannan magajin gari, wancan shugaban ɗalibai, kowa da burinsa.

Arneson ya ɗauki wannan tunani ya mayar da shi duniyar almara a 1971, ya sanya abokansa suna shiga ramukan da ke ƙarƙashin wata fada neman dukiya. Muhimmin abin da ya ƙara shi ne jarumi ba ya ƙarewa da ƙarewar zama. Yakan dawo a zama na gaba da raunukansa da ganimarsa, yana kuma ƙara ƙwarewa.

A ƙarshen 1972 ya nuna wa Gygax wasan. A lokacin Gygax ya rasa aikinsa na inshora, yana ciyar da iyalinsa da gyaran takalma. Shi ya zauna ya tsara ƙa'idojin a rubuce, ya fara gwada su da 'ya'yansa.

Kamfanonin da aka tuntuɓa ba su ga alamar riba a ciki ba, don haka Gygax da abokinsa Don Kaye suka kafa nasu, TSR, a 1973. A watan Janairun 1974 suka fitar da kwafi 1,000, ƙananan littattafai uku a cikin kwali, a kan dala 10.

Babu wani tallan a zo a gani da aka yi masa. Daga tebur zuwa tebur ya yaɗu, musamman a tsakanin ɗaliban jami'a da sojoji, domin duk wanda ya koya sai ya nemi waɗanda zai koya wa kafin ya samu abokan wasa.

Shekarun zargi

A watan Agustan 1979 wani ɗalibi ɗan shekara 16 ya ɓace daga jami'ar jihar Michigan. Mai binciken da iyayensa suka ɗauka ya yi hasashen cewa yaron ya ɓata ne a ramukan bututun da ke ƙarƙashin makarantar yayin da yake ƙoƙarin yin wasan a zahiri. Jaridu suka yi ta yayata batun.

Bayan kimanin wata guda aka samu yaron a wata jiha, kuma daga baya mai binciken ya bayyana a littafinsa cewa matsalolin da suka kore shi ba su da nasaba da wasan. Amma labarin farko ya riga ya zauna a zukatan jama'a.

A 1982 wani matashi a jihar Virginia ya kashe kansa. Mahaifiyarsa, Patricia Pulling, ta ɗora alhakin a kan wasan, ta kai ƙarar shugaban makarantarsa da kuma kamfanin TSR. Kotuna sun yi watsi da ƙararrakin, amma ta kafa ƙungiyar yaƙi da wasan a 1983, ta kuma samu goyon bayan wasu majami'u da ke ganin cewa wasan ƙofa ce ta shiga tsafi da bautar Shaiɗan.

Makarantu da dama sun rufe kulob-kulob ɗinsu. A 1985 shirin 60 Minutes na gidan talabijin ɗin CBS ya keɓe wa batun lokaci, inda Gygax ya kare kansa.

Ba za a ce damuwar iyayen ba ta da dalili ko kaɗan ba, domin littattafan wasan na wancan lokaci cike suke da zanen aljanu da jerin sunayen sihiri, ga kuma 'ya'yansu na kulle kansu a ɗaki na sa'o'i suna magana da kalmomin da ba a gane ba. Sai dai binciken da aka gudanar daga baya bai gano wata alaƙa tsakanin wasan da kisan kai ba.

Kamfanin TSR ya ci riba ta wani ɓangaren, domin cinikinsa ya ƙaru sosai bayan hayaniyar 1979. Duk da haka ya ja da baya, inda a bugun 1989 ya cire kalmomin da ke nufin shaiɗanu daga littattafansa.

Zargin bai gushe gaba ɗaya ba. A 2010 wata kotun ɗaukaka ƙara ta tarayya a Amurka ta amince da haramcin da wani gidan yari a Wisconsin ya sanya wa wasan, bayan da hukumomin gidan suka ce tsarinsa na jagora da mabiya na iya zama tamkar na ƙungiyar 'yan daba.

A 2024 kuwa, da wasan ya cika shekaru 50, hukumomin gidan waya na Amurka da na Birtaniya duk sun fitar da kan sarki don tunawa da shi. Mutanen biyu da suka ƙirƙire shi ba su ga wannan rana ba. Gygax ya rasu a 2008, Arneson kuma a 2009, bayan sun shafe shekaru suna shari'a da juna a kan kuɗin haƙƙin mallaka.

Salon Jamus

Wasannin da suka fi cika teburan kulob a yau daga Jamus salonsu ya fito.

Tun 1979 wani kwamitin masu sharhi ke bayar da kyautar Spiel des Jahres ga wasan da ya fi fice a shekara, kuma duk wasan da ya samu tambarin kyautar a kwalinsa cinikinsa kan ninka. A ƙasar ana buga sunan wanda ya tsara wasa a jikin kwali, kamar yadda ake yi wa marubucin littafi. Bayan yaƙin duniya na biyu Jamusawa sun ƙaurace wa wasannin yaƙi, suka karkata ga na noma da fatauci da gina gari.

Wanda ya fi shahara shi ne Catan, wanda Klaus Teuber, mai sana'ar haɗa haƙoran roba, ya fitar a 1995. 'Yan wasa uku ko huɗu ne ke gina ƙauyuka da hanyoyi a wani tsibiri, suna tara katako da tubali da ulu da hatsi da tama. Babu wanda ke samun duk abin da yake bukata a yankinsa, saboda haka dole a yi musaya, kuma rabin wasan ciniki ne da baki. Wanda ya fara kai maki 10 shi ya ci. Lokacin da Teuber ya rasu a 2023, an sayar da fiye da kwafi miliyan 40.

Abin da ya sa irin waɗannan wasanni suka dace da daren kulob shi ne ba a fitar da kowa kafin a gama, kuma akasarinsu ba sa wuce sa'a ɗaya da rabi. A Monopoly, wanda ya fito kasuwa a 1935, wanda ya tsiyace da wuri sai dai ya koma ɗan kallo har sauran su gaji.

Daga baya aka samu Carcassonne a 2000, da Ticket to Ride a 2004, da kuma Pandemic a 2008, wanda a cikinsa 'yan wasa ke haɗa kai don daƙile cututtuka huɗu a kan taswirar duniya. Legas da Khartoum da Alƙahira na cikin biranen da ke kan allon.

Bikin baje kolin wasanni na birnin Essen, wanda aka fara a 1983, ya karɓi baƙi fiye da 200,000 cikin kwanaki huɗu a 2024.

Masu shago

Daren wasa hanya ce ta neman abinci ga masu ƙananan shaguna. Tun da manyan dillalan intanet suka fara karya farashi, abin da ya rage wa mai shago shi ne tebur da kujera da jama'ar da ke zama a kansu.

Manyan kamfanoni sun gane haka. Wizards of the Coast, wanda ya fitar da wasan katin Magic: The Gathering a 1993, ya kuma sayi TSR a 1997 kafin Hasbro ya saye shi a 1999, yana ɗaukar nauyin gasar daren Juma'a a dubban shaguna a duniya. A Birtaniya, kamfanin Games Workshop mai wasan Warhammer, wanda wasu abokai uku suka kafa a Landan a 1975, yana da shaguna fiye da 500, kuma a watan Disambar 2024 ya shiga jerin manyan kamfanoni 100 na kasuwar hannun jari ta Landan.

Akwai kuma shagunan shan gahawa da ke ajiye ɗaruruwan wasanni, mutum ya biya kuɗin zama ya zaɓi wanda yake so. Sun yi tashe a Koriya ta Kudu a farkon shekarun 2000, kafin a buɗe Snakes & Lattes a Toronto a 2010, da Draughts a Landan a 2014.

Ko caca ce?

A al'adar waɗannan kulob-kulob ba a zuba kuɗi a kan wasa. Ko wasan Magic, wanda a farkonsa kowane ɗan wasa kan ajiye kati ɗaya wanda ya ci ya kwashe, an daina fitar da katunan da ke da wannan ƙa'ida tun tsakiyar shekarun 1990, saboda gudun dokokin caca. Sai dai har yanzu akwai masu sukar yadda ake sayar da katunan a rufaffiyar leda, mai saye bai san abin da ke ciki ba sai ya buɗe.

A ɓangaren Musulunci, muhawarar ta girmi waɗannan wasanni da ƙarnoni. Littafin Muwaɗɗa na Imam Malik yana da babi a kan nardu, wani wasan Farisa da ake yi da irin ɗan ludon nan, kuma akwai hadisi a Sahihu Muslim da ya yi kakkausan hani a kansa. A kan shaɗaranji kuwa malamai sun saɓa: Malikawa sun tsananta, Shafi'awa kuma sun ɗauke shi makaruhi matuƙar babu caca kuma bai shagaltar daga salla ba.

Saɓanin ya kai har ga hukumomi. Iran ta hana shaɗaranji bayan juyin juya halin 1979, sannan Ayatullah Khumaini ya halatta shi da sharuɗɗa a 1988. A watan Mayun 2025 gwamnatin Taliban ta dakatar da shi a Afghanistan, tana mai danganta shi da caca.

Da yawa daga cikin wasannin zamani, kamar Carcassonne da Ticket to Ride da Pandemic, ba a jefa komai a cikinsu.

Afirka a kan allo

Wata sukar kuma ta shafi abin da wasannin ke ɗauke da shi. Da yawansu an gina su ne a kan gano sabuwar ƙasa da mallake ta, kamar dai babu kowa a cikinta. A wasan Puerto Rico na 2002, 'yan wasa kan sauke wasu ƙananan ƙwayoyi masu launin ƙasa-ƙasa daga jirgin ruwa su tura su gonakin rake da taba, abin da mutane da yawa suka fassara da bayi. An sake fasalinsa a 2022.

A 2019 kamfanin GMT na Amurka ya janye wani wasa mai suna Scramble for Africa tun kafin a buga shi, bayan ƙorafin cewa ya mayar da rabon Afirka tsakanin Turawa abin nishaɗi, ba tare da 'yan Afirka sun taka wata rawa a ciki ba.

A Najeriya, zama a kan wasa ba baƙon abu ba ne, daga dara a gindin bishiya zuwa draf da ludo da katin Whot, wanda asalinsa daga Ingila ne a 1935. A Scrabble ma, Wellington Jighere ya zama ɗan Afirka na farko da ya ci gasar duniya, a birnin Perth na Australiya a 2015.

Abin da ke sabo shi ne tsara wasannin zamani a cikin gida. Kamfanin NIBCARD Games na Kenechukwu Ogbuagu da ke Abuja yana ƙera wasanni masu jigon Najeriya, ya kuma assasa taron baje kolin wasannin tebur na Afirka. A 2021 ya samu kyautar Diana Jones, ɗaya daga cikin masu daraja a wannan fage.

Kujerar da ke jiran mutum

A 1989 wani masanin zamantakewa ɗan Amurka, Ray Oldenburg, ya yi rubutu a kan abin da ya kira wuri na uku, wato inda mutum kan zauna da jama'a bayan gida da wurin aiki. Ya ce irin waɗannan wurare na ɓacewa a Amurka. Abin da yake nufi bai yi nisa da majalisar ƙofar gida ko teburin mai shayi ba.

Batun ya zama na hukuma daga baya. A 2018 gwamnatin Theresa May a Birtaniya ta naɗa ministar da za ta kula da matsalar kaɗaici. A 2023 babban jami'in lafiya na Amurka, Vivek Murthy, ya fitar da gargaɗi cewa kusan rabin manyan ƙasar na fama da kaɗaici, ya kuma kwatanta illarsa ga lafiya da shan taba sigari har kara 15 a rana.

Kulob ɗin wasa ba zai magance wannan ba, kuma yana da nasa matsalolin. Ya daɗe yana zama fagen maza, mata da dama sun koka da yadda ake karɓarsu, ga kuma tsadar sababbin wasanni. Amma yana da wani abu da ke da amfani ga mai jin nauyin baki: ƙa'idojin wasa sun riga sun tanadi abin da za a yi magana a kai, kuma kowa na da lokacin da za a saurare shi.

Annobar korona ta rufe waɗannan ɗakuna a 2020. Ƙungiyoyi da yawa suka koma haɗuwa ta bidiyo da manhajoji irin su Roll20, kuma Wizards of the Coast ya ce a wannan shekarar cinikin Dungeons & Dragons ya kai matsayin da bai taɓa kaiwa ba. Shirin Stranger Things na Netflix, wanda ya fara a 2016 da yara huɗu suna wasan a ɗakin ƙarƙashin ƙasa, ya riga ya jawo masa sababbin masoya kafin nan. Wasu shagunan ba su sake buɗewa ba bayan annobar, wasu kulob-kulob ɗin kuma sun koma zaurukansu.

A birnin London na lardin Ontario a Kanada, akwai wani malamin tarihi na jami'a da ya fara jagorantar wani labari a 1982, yana ɗan makaranta. An shafe fiye da shekaru 40 ana ɗora labarin daga inda aka tsaya, wasu 'yan wasan kan yi doguwar tafiya don halarta, kuma daga cikin waɗanda suka zauna a teburin har da 'yarsa, wadda ba a haifa ba lokacin da aka fara.